Kun Tambaya, Mun Amsa: Fim ɗin Faransa da Ya Raba Kan Masu Sharhi

Wasiƙu huɗu muka zaɓo wa filin namu na wannan fitowa, kuma dukkansu sun taru ne a kan magana ɗaya, wato yadda masu sharhin fina-finai suka karɓi wani fim na Faransa mai suna L'Été dernier da ke ba da labarin alaƙa tsakanin mace babba da yaro matashi. Mun taƙaita wasu daga cikin wasiƙun saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibar harshen Faransanci ce. Malaminmu ya ambaci wani fim mai suna L'Été dernier, ya ce masu sharhi sun yi ta kai ruwa rana a kansa, wasu suna cewa gwaninta ce, wasu suna cewa wanke mai laifi aka yi. Mene ne labarin, kuma me ya kawo saɓanin, tunda na ji an ce irin wannan labari ba baƙo ba ne a fina-finan Faransa? (Daga wata ɗaliba a Damagaram)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ma'anar sunan fim ɗin ita ce bazarar da ta wuce, ko kuma bazarar ƙarshe, domin kalmar tana ɗaukar ma'anonin biyu. Catherine Breillat ce ta ba da umarninsa, bayan ta yi shekara 10 ba ta fitar da fim ba, kuma an fara nuna shi ne a gasar bikin fina-finai na Cannes a watan Mayun 2023, sannan ya shiga gidajen sinima na Faransa a watan Satumba na shekarar. Ba sabon labari ba ne, domin an ɗauko shi ne daga wani fim na ƙasar Denmark mai suna Dronningen, wanda May el-Toukhy ta yi a 2019. Ki riƙe wannan batu, saboda rabin gardamar daga nan ta taso.

Labarin na wata lauya ce mai suna Anne, wadda jaruma Léa Drucker ta fito a matsayinta. Aikinta shi ne kare yara ƙanana da aka ci zarafinsu. Tana zaune lafiya da mijinta Pierre da 'yan mata biyu ƙanana da suke riƙo, sai ɗan mijin nata daga aurensa na farko, Théo, yaro ɗan shekara 17 mai taurin kai, ya dawo gidan da zama. Sannu a hankali shaƙuwa ta shiga tsakanin matar uba da ɗan miji, har ta kai su ga abin da ba ya faɗuwa a shafi irin wannan. Mai dokar barci ta ɓige da gyangyaɗi ke nan. Da ƙarshe yaron ya gaya wa mahaifinsa gaskiya, ita kuwa ta kafe a kan cewa ƙarya yake yi.

Waɗanda suka yabi fim ɗin, kuma su ne suka fi yawa a cikin masu sharhi na Faransa da na Amurka, abin da suka fi nunawa shi ne cewa Breillat ta ƙi ta yi wa mai kallo jagora. Ba ta sa kiɗan da zai gaya miki inda za ki ji tsoro ba, ba ta kuma zana Anne da siffar mugunta tun daga farko ba, ta yadda za ki zauna hankali kwance kina cewa ai ke ba irinta ba ce. Mujallar Cahiers du cinéma ta sanya shi cikin fina-finai goma da ta zaɓa na shekarar 2023, kuma ya shiga takarar lambobin César, wato manyan lambobin yabo na fina-finan Faransa, a rukuni huɗu, ciki har da na gwarzuwar jaruma da na mai ba da umarni, ko da yake bai samu ko ɗaya ba. Kusan babu mai sharhin da ya yi jayayya a kan wasan Léa Drucker. Hatta waɗanda suka ƙi fim ɗin sun sara mata.

Masu suka kuwa kashi biyu ne, kuma abin lura shi ne ba magana ɗaya suke yi ba. Kashi na farko sun auna shi ne da na Denmark suka ga bai kai ba. Mai sharhin jaridar Guardian ta Ingila yana cikin waɗannan, domin a ganinsa an zare wa labarin kaifinsa. A fim ɗin Denmark matar tana farautar yaron ne da saninta, kuma bayan ta ƙaryata shi an kore shi, daga baya aka tsinci gawarsa a daji cikin sanyi. A na Faransa babu wanda ya mutu, babu wanda aka ɗaure, auren ma bai mutu ba. Kashi na biyu kuwa damuwarsu ta ɗa'a ce: sun ce kyamarar ta ƙawata abin, ta cika shi da hasken rana da korayen ciyayi da fuskoki masu kyau, har mai kallo yana iya mantawa cewa ɗayan yaro ne da ke ƙarƙashin rufin gidan ɗayar. Ita Breillat ɗin ma ba ta kwantar da hankalinsu ba, domin a hirarrakin da ta yi ta nuna cewa ba ta ɗauki Anne a matsayin mafarauciyar yara ba, kuma da gangan ta kauce wa yadda fim ɗin Denmark ya zana ta.

Tunda kin tambaye ni, ga nawa ra'ayin. Ina ganin duka ɓangarorin sun makale a rabin farko na fim ɗin, alhali nauyinsa yana rabi na biyu. Fitowar farko ta nuna Anne a ofis tana yi wa wata yarinya da aka ci wa zarafi tambayoyi masu zafi, tana shirya ta domin shiga kotu, tana faɗakar da ita cewa a gaban alƙali sau da yawa wanda aka zalunta ne yake komawa kamar wanda ake tuhuma. Mai kallo zai ɗauka gabatarwa ce kawai ta sana'arta. Sai can gaba, lokacin da Pierre ya dawo daga tafiyar da ya yi da ɗansa ya tare ta da maganar, kyamara ta tsaya cak a kan fuskarta na wani lokaci mai tsawo. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi gafara ba. Kana ganin lokacin da ta gama lissafinta, fuskar ta daskare, sannan ta juyo da fushin wadda aka yi wa ƙazafi, har mijin ne ya koma mai jin kunyar zargin da ya yi. Duk ilimin da ta tara na sanin yadda ake rusa shaidar yaro a kotu, a kan yaron gidanta ta sauke shi. Wanda ya kalli wannan fitowa ya ce fim ɗin ya wanke Anne, to bai lura da kyau ba.

Sai dai ina tare da masu suka a wuri ɗaya. Fim ɗin ya fi sanin zuciyar matar fiye da ta yaron. Ana nuna mana Théo yawanci kamar yadda idonta yake ganinsa, kuma raunin da aka yi masa, na a kira shi maƙaryaci a gaban mahaifinsa, an wuce shi da sauri fiye da yadda ya cancanta. A rufewar fim ɗin, Anne ta dawo gado cikin dare, ta buɗe baki za ta yi magana, mijin ya ce ta yi shiru, duhu ya rufe hoton, ba abin da ya rage yana ƙyalli sai zoben aure. Mu da muka taso da fina-finanmu na gida, inda mai laifi ba ya kai ƙarshen fim sai ya yi nadama ko asirinsa ya tonu, irin wannan rufewa tana yi mana kama da cin amana. Mun saba cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. A nan ramin bai ƙure ba, saboda mai gidan da kansa ya zaɓi kada ya leƙa cikinsa, kuma ko a unguwanninmu ba sai an yi dogon bincike ba kafin a samu gidan da aka sayi rufin asiri da irin wannan farashi.

Tambaya: Malam, ina karatun shari'a, kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda wasu jaridu suke kiran wannan labari soyayya. Shin a dokar Faransa abin da matar ta yi ba laifi ba ne? Ko kuwa da ma can ƙasar ba ta ɗauki irin wannan da zafi ba? (Daga wani ɗalibi a Zariya)

Amsa: Malam, tambayarka ta taɓa ainihin dalilin da ya sa gardamar ta yi zafi a 2023, alhali da a ce shekara 40 da suka wuce aka yi fim ɗin, da wuya a ji ƙorafi mai ƙarfi. A watan Afrilun 2021 Faransa ta yi dokar da ta ce baligi ba zai iya fakewa da amincewar yaron da bai kai shekara 15 ba, in ban da sassaucin da aka yi wa matasan da tazararsu ba ta kai shekara biyar ba. Idan kuwa abin ya faru ne a cikin dangi, iyakar ta tashi zuwa shekara 18, kuma dokar ta haɗa da mijin uwa ko matar uba matuƙar suna da iko a kan yaron, ko na doka ko na zaman gida. Hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara 20. Saboda haka yaro ɗan shekara 17 da ke zaune a gidan matar ubansa ya faɗo daidai cikin abin da dokar ta zo karewa, kuma Anne, a matsayinta na lauyar yara, ta fi kowa sanin haka. Wannan ne ya sa ni kaina ba na son kiran labarin soyayya mai tazarar shekaru, domin sunan yana ɓoye abu biyu da suka fi shekarun muhimmanci, wato dangantaka da iko. Mai karatu Musulmi kuma ya san cewa aya ta 22 ta Suratun Nisa'i ta haramta wa ɗa matar da mahaifinsa ya aura, ko da ɗan ya yi furfura.

Game da ko ƙasar ta taɓa sassauta wa abin, amsar ita ce ta taɓa, musamman a tsakanin marubuta da masu fasaha. A 1969 wata malamar makaranta a Marseille, Gabrielle Russier, mai shekara 32, an yanke mata hukuncin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka saboda alaƙarta da ɗalibinta da bai kai shekara 18 ba. Masu gabatar da ƙara sun ɗaukaka ƙara suna neman hukunci mafi tsanani, ita kuwa ta kashe kanta a ranar 1 ga Satumba na shekarar. Tausayinta ya mamaye ƙasar, har shugaba Georges Pompidou, da aka tambaye shi a taron 'yan jarida, ya amsa da baitocin mawaƙi Paul Éluard. Fim ɗin da André Cayatte ya yi a kan labarin a 1971, Mourir d'aimer, kusan mutum miliyan 6 ne suka kalle shi a sinima, kuma kotu da iyaye ne suka fito a matsayin azzalumai a cikinsa.

Wannan tausayi ya daɗe yana ba wasu mafaka da ba su cancanta ba. Marubuci Gabriel Matzneff ya yi shekaru yana rubuta alaƙarsa da ƙananan yara a littattafansa ba tare da ɓoyewa ba, ana gayyatarsa talabijin ana dariya da shi. A 1990, a wani shirin adabi da Bernard Pivot yake gabatarwa, marubuciya Denise Bombardier 'yar Kanada ce kaɗai ta ƙalubalance shi a fili, kuma ita ce ta sha zagi daga baya. Har a 2013 an ba shi lambar yabon adabi ta Renaudot. Abin bai juya ba sai a Janairun 2020, lokacin da Vanessa Springora ta fitar da littafinta Le Consentement, ta ba da labarin yadda ya mallake ta tana da shekara 14, shi kuwa yana kusan 50. Shekara guda bayan haka Camille Kouchner ta fallasa abin da mijin mahaifiyarsu, masanin siyasa Olivier Duhamel, ya yi wa ɗan'uwanta tagwaini, kuma cikin 'yan watanni majalisa ta zartar da dokar da na ambata.

To ka ga irin ƙasar da fim ɗin Breillat ya sauka a cikinta. Wata guda bayan fitowarsa, a Oktoban 2023, aka saki fim ɗin da aka yi daga littafin Springora, matasa suka yi ta tururuwar kallonsa bayan labarinsa ya bazu a TikTok. A bikin César na Fabrairun 2024 kuma, daren da ake jiran a ji ko Léa Drucker za ta ci lamba, jaruma Judith Godrèche ta hau dandamali ta nemi masana'antar ta daina kau da kai, makonni kaɗan bayan ta shigar da ƙarar darakta Benoît Jacquot a kan abin da ta ce ya faru tana da shekara 14, zargin da shi ya musanta. Mai sharhin da ya zauna rubutu a irin wannan yanayi ba zai iya yin magana a kan haske da kusurwar kyamara kaɗai ba, ko da ya so.

Tambaya: Ranka ya daɗe, 'yata tana koyon Faransanci, tana neman fina-finan da za su gyara mata kunne. Wannan fim na L'Été dernier ya dace? (Daga wani uba a Maraɗi)

Amsa: Alhaji, bai dace ba. Akwai fitowa da dama na tsiraici da kusantar juna waɗanda ba a sakaya ba, kuma ba fim ba ne da za a kunna a falo. Faransancin cikinsa ma ba mai yawa ba ne, domin shiru da kallon fuska sun fi magana yawa. Labaran rediyo da fina-finan tarihi za su fi yi mata amfani nesa ba kusa ba.

Tambaya: Malam, na girmi mijina da shekara tara, mun yi shekara 12 da aure, amma har yau dangi ba su daina habaici ba. Da na ji ana sukar wannan fim sai na ji kamar da ni ake. Shin su ma Turawan ƙyamar mace ta girmi namiji suke yi? (Daga wata mai karatu a Kano)

Amsa: Hajiya, ba da ke ake ba, kuma akwai wani fim ɗin Faransa da zai nuna miki bambancin fiye da duk bayanin da zan yi. Sunansa Les Jeunes Amants, ma'ana matasan masoya, Carine Tardieu ce ta ba da umarninsa, ya fito a sinima a Fabrairun 2022. Fanny Ardant ta fito a matsayin Shauna, mai zanen gine-gine da ta yi ritaya tana da shekara 70, Melvil Poupaud kuma ya fito a matsayin likita ɗan shekara 45. Tazarar shekara 25 ce, wadda ba ta da nisa da ta fim ɗin da muke magana a kai, amma babu wanda ya yi maganar laifi ko ta kotu, domin duka biyun manya ne kuma babu wanda yake riƙe da wani. Asalin labarin ma na gaske ne: darakta Sólveig Anspach ce ta fara rubuta shi a kan abin da ya faru da mahaifiyarta a tsufanta, ta rasu a 2015 ba ta kammala ba, Tardieu ta ɗauka ta ƙarasa.

Masu sharhi sun karɓe shi da hannu biyu gwargwado, Ardant ta shiga takarar César ta 2023. Ƙorafin da aka yi masa na fasaha ne, cewa an cika masa cuta da hawaye. Nawa ƙorafin daban ne, domin likitan yana da mata da 'ya'ya, kuma matar da aka bari, wadda Cécile de France ta fito a matsayinta, ita ce ta biya kuɗin daɗin labarin. Amma akwai wata fitowa da ta shafi tambayarki kai tsaye: lokacin da mijin ya gaya wa matarsa shekarun wadda yake so, dariya ce ta fara kufce mata kafin ɓacin rai, domin ba ta taɓa tsammanin tsohuwa za ta iya zama kishiya ba. Shauna da kanta ta fi kowa jin kunyar jikinta da shekarunta, tana ta korarsa tun kafin duniya ta kore shi.

Don haka habaicin da kike sha ba a Kano kaɗai ake yinsa ba. Matar shugaban Faransa, Brigitte Macron, ta girmi mijinta da shekara 24, sun yi aure a 2007, kuma ta sha ba'a a jaridu da shafukan sada zumunta fiye da kima, alhali Donald Trump ya girmi matarsa da kusan wannan adadi ba a cika tayar da maganar ba. Gaskiya ne nasu labarin yana da wani ɓangare da mutane ke tambaya a kai, tunda a makaranta suka haɗu tana malama yana ɗalibi, amma mafi yawan masu ba'ar ba wannan ne ya dame su ba, fuskarta da shekarunta suke yi wa dariya. Ku kuwa kun haɗu kuna manya, waliyyai sun ɗaura, shaidu sun shaida. Idan dangi suka sake tayar da maganar a wurin biki ko suna, ki tambaye su cikin ladabi shekarun Nana Khadija, Allah Ya ƙara mata yarda, ranar da aka ɗaura aurenta da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da ya shahara a littattafan sira shi ne tana da 40, shi kuma yana da 25. A gaida maigidan.